Yadda za ka gane haddis na jabu kafin ka zuba masa kayanka

Duk mai harkar kwamfuta a Sakkwato, ko mai turin finafinai ne a shago, ko mai ɗaukar bidiyon biki, ko ɗalibin Danfodiyo mai tara takardun furojet, ko wanda ya sa kyamarar tsaro a kanti, wata rana dole ya nemi haddis, wato hard disk, ma'ajiyar fayiloli ta kwamfuta. Kuma kasuwar haddis yanzu ta cakuɗe, kwali mai kyau, sitika tana ƙyalli, ka jona a laftof ta nuna maka tera 2 cif, amma abin da ke ciki daban. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne lambar da kwamfuta ta nuna maka ba hujja ba ce, don haddis ɗin ne da bakinsa ke faɗa wa kwamfuta girmansa, ita kuma ta yarda kawai ba ta bincike. Sai ka gwada da kanka.

Jabun iri uku ne, kuma kowane da yadda ake kama shi. Akwai wanda sam ba haddis ba ne, ɗan memori ne ko filas na gig 32 ko 64 anka manna da gam a cikin gidan estanal, wato haddis na waje da ake jonawa ta USB, anka ƙara ƙarfe ko noti don ya yi nauyi a hannu, sannan anka sauya masa lissafi ya riƙa cewa shi tera 2 ne ko 8 ko ma 16. Akwai tsohon haddis wanda ya sha aiki shekaru, anka goge tarihinsa anka sa masa sabuwar leda. Sai kuma na uku, gidan na kamfani ne ko kwaikwayonsa, amma cikin an sauya, tsohon haddis na mataccen laftof ne, ko kuma an ɗaye sitikar mai araha an liƙa ta mai tsada. Sau da yawa mai shagon ma bai sani ba, shi ma sari ya yi a kwali daga Kano ko Legas ko ya yi oda daga waje, don haka kada ka shiga kanti da faɗa, ka shiga da kayan gwaji.

Kafin ka fita gida

Ka sauke manhajoji guda uku ka zuba a filas ɗinka ko a laftof: CrystalDiskInfo, ValiDrive da H2testw. Duk kyauta ne kuma ƙanana ne, ba za su cinye maka data ba. Ka caja laftof ya cika, ka tafi da shi. In ba ka da laftof ka ari na aboki, ko ka ja abokin ku tafi tare, ya fi a gwada maka a kwamfutar shago.

Sannan ka san iyakar abin da ke yiwuwa. Kamfanoni uku ne kawai sunka rage a duniya masu ƙera haddis mai faifai a ciki, Seagate, Western Digital (WD) da Toshiba. Samsung ta sayar wa Seagate da nata sashen tun 2011, WD kuma ta saye HGST, wato sashen haddis na Hitachi, a 2012. Duk wani suna da ka gani a jikin estanal, in dai mai faifai ne, cikinsa na ɗaya daga cikin ukun nan ne. Kuma ƙaramin estanal wanga mai shiga aljihu, mai inci 2.5 wanda ba ya buƙatar nasa caja, shekara da shekaru iyakarsa tera 5 ce, sai a 2024 WD ta fitar da mai tera 6. To in ka ga ɗan ƙaramin abu kamar kwalin ashana an rubuta 16TB ko 30TB a farashin da bai kai na tera 1 ba, ba sai ka kunna laftof ba, ka aje ka wuce. Araha ba ta ado. Ka tambayi farashi a shago uku ko huɗu tukuna, wanda ya faɗo ƙasa da rabin na sauran ka sa masa ido.

A kanti, sharaɗi kafin kuɗi

Wanga mataki ya fi duk manhajojin nan amfani, amma shi mutane ke jin kunya. Gwajin gaskiya yana ɗaukar awoyi, ba za ka gama shi a tsaye a shago ba, don haka tun kafin ka ciro kuɗi ko ka yi tiransifa ka ce, "Alhaji zan saya, amma zan je in gwada shi yau da gobe, in ya faɗi gwaji zan dawo da shi a ba ni kuɗina ko a canza mani, mun yi da kai?" In ya ce ba komi, ka sa ya rubuta maka rasit da kwanan wata da samfurin da kuma lambar siriyal ta jikin haddis ɗin, don kada gobe a ce ba wannan anka sayar maka ba. Ka ɗauki hoton sitikar da wayarka a gabansa. Wanda ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa, ka yi masa godiya ka leƙa shagon gaba. Mayar da kaya saboda aibin da anka ɓoye ai ko a fiƙihun ciniki sananne ne, ba sabon abu ka zo da shi ba.

Ido da hannu

Kwali ba ya tabbatar da orijinal, amma yana iya tona jabu. Ka duba rubutun ko akwai kuskuren harafi, ko launi ya dusashe, ko hatimin bakin kwalin an ɗaye an mayar. Lambar siriyal ta jikin kwali dole ta zama ɗaya da ta jikin haddis. In akwai irinsa uku a kanta ka duba lambobinsu, kowane haddis da tasa lambar, in ka ga biyu da lamba ɗaya magana ta ƙare.

In na ciki ne, wato wanda ake sa wa a destof ko na'urar kyamara, ka juya shi ka kalli ramukan kusa a gefe. Sabo ba ya da tabon kusa. Ka kalli haƙoran zinaren nan inda kebul ke shiga, in an taɓa jona shi sau da yawa za ka ga layin gogewa. Ƙura a kan allon ƙasa, sitika mai kumburi ko wadda ta karkace, ko wata sitika a ƙarƙashin wata, duk alamu ne. In an rubuta Recertified ko Refurbished a jiki to wanda kamfani ya gyara ne, ba haram ba ne a sayar amma ba a farashin sabo ba.

Sai ka jona shi ka ɗora tafin hannunka a kai. Haddis mai faifai yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, za ka ji ɗan rawa a hannu da ƙara mai sanyi in ka kai kunne. In an ce maka mai faifai ne ka ji shiru kamar dutse, babu faifai a ciki. SSD kam, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai sai memori, dama ba ya motsi, shi sai manhaja.

Kana tsaye a nan ka ciro waya ka shiga shafin duba waranti na kamfanin, Seagate da WD duk suna da shi, ka rubuta siriyal. Ka duba samfurin da girman da ya fito ko sun yi daidai da abin da ke hannunka, ka duba ranar ƙarewar waranti. In sabo ne a bakin mai shago amma shafi ya ce waranti ya ƙare, ko ya nuna wani girma daban, ka san inda aka dosa. Amma ko ya fito daidai kada ka saki jiki, don masu jabu suna kwafar lambar na gaske su buga a sitika.

Gwajin minti goma a shago

Da farko kada ka tsorata in ka sayi tera 1 Windows ta nuna 931GB, ko tera 2 ta nuna 1.81TB, ko gig 500 ta nuna 465. Wannan ba sata ba ce, kamfani yana lissafi da 1,000 ita kuma Windows da 1,024. Na ga mutane suna rigima da mai shago a kan wanga alhali ba nan matsalar take ba.

Buɗe CrystalDiskInfo ka zaɓi sabon haddis ɗin a sama. Abu na farko sunan samfur. Na Seagate yana farawa da ST sai lambar girma, misali ST1000LM035 tera 1 ne, ST2000LM007 tera 2. Na WD za ka ga WD10 ga tera 1, WD20 ga tera 2. Na Toshiba ƙanana suna farawa da MQ. In gidan ya ce WD Elements amma ciki ya nuna Hitachi ko wani tsohon Samsung, tsohon haddis na laftof anka sa wa sabuwar riga. Masu kyamarar tsaro ku kula a nan sosai, don WD Purple da Seagate SkyHawk sun fi na gama-gari tsada shi ya sa ake sauya sitika. SkyHawk yana da VX a lambarsa, BarraCuda na destof yana da DM, Purple kuma za ka ga PUR a ciki. In sitika ta ce SkyHawk manhaja ta ce DM, ka biya kuɗin wani ka karɓi wani.

Abu ɗaya da zai iya ruɗa ka, a estanal lambar siriyal ta jikin gida ba dole ta zama ɗaya da ta faifan ciki ba, musamman a Seagate, don haka kada ka yanke hukunci da wannan kaɗai. A na ciki kuwa dole lambar sitika da ta manhaja su zama ɗaya.

Sai ka dubi Power On Hours da Power On Count a gefen dama, wato awoyin da ya yi a kunne da sau nawa anka kunna shi. Sabo ya kamata ka ga sifili ko 'yan kaɗan. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, to in ka ga 20,000 ka san ya haura shekara biyu yana aiki dare da rana. Sannan a jerin ƙasa ka nemi layi uku, 05, C5 da C6, su ne ke ƙirga wuraren da sunka lalace a faifai ko suke shirin lalacewa. Ka shiga Function, Advanced Feature, Raw Values ka zaɓi 10 DEC don lambobin su fito yadda za ka iya karantawa. Duka ukun sifili ake so. In manhajar ta nuna Caution da ruwan ɗorawa maimakon Good da shuɗi, ko tokumbo kake saye ka bar shi.

In kuwa CrystalDiskInfo ba ta ga haddis ɗin ba sam alhali yana fitowa a This PC, ka ƙara shakka, don filas da memori ba su da wanga bayani. Akwai wasu gidajen estanal na gaske da ba su bari a karanta, amma na manyan kamfanonin nan galibi suna fitowa.

Yanzu ValiDrive. Wani mai ƙera manhaja, Steve Gibson, ne ya fitar da ita a 2023 saboda wagga matsala. Ka buɗe, ka danna Check USB Drive, sannan ka jona haddis in ta ce ka jona. Tana zuwa wurare 576 a warwatse daga farkon ma'ajiyar har ƙarshe, ta rubuta ta karanta ta gani ko wurin akwai shi da gaske. Za ka ga ƙananan akwatuna suna cika, kore lafiya, ja babu komi a wurin. A na jabu abin ban dariya ne, layin farko kore kaɗan sai ja har ƙasa, kuma a ƙarshe ta faɗa maka ainihin girmansa. Ta USB kaɗai take aiki.

Ka kuma tura babban fayil ɗaya, fim mai gig 3 ko 4, ka kalli gudu. Estanal mai faifai a ramin USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, yana yin kusan 100MB a daƙiƙa ko sama kaɗan. SSD na gaske yana ninka haka sau uku ko fiye. In anka ce maka SSD ne kana ganin 10 ko 15, kuma ka tabbata ramin da kebul ɗin na 3.0 ne, memori mai araha ne a ciki.

A gida, gwajin da ba a iya yi wa wayo

Dalilin da ya sa jabu ke wucewa a shago shi ne ana tura masa fim biyu uku a buɗe a ga suna yi, kuma tabbas za su yi tunda akwai gig 32 ko 64 na gaske a ciki. Sai ka wuce nan ne abin ke lalacewa, ko ya riƙa zubar da sabon abin da kake turawa, ko ya koma farko ya riƙa rubutawa a kan na baya, sunayen fayil da folda duk suna nan ka gani da idonka amma ka danna ba ya buɗewa. Shi ya sa dole a cika shi taf a karanto.

H2testw aikinta ke nan. Daga mujallar kwamfuta ta c't a Jamus ta fito, don haka in ta buɗe da Jamusanci ka danna English a sama. Haddis ya zama babu komi a ciki. Danna Select target ka zaɓi harafinsa, ka duba sau biyu kada ka zaɓi na laftof ɗinka. Ka bar shi a all available space, ka danna Write + Verify. Za ta cika shi da fayiloli masu gig ɗaɗɗaya sannan ta dawo ta karanta kowane ta gwada da abin da ta rubuta.

Lissafa lokacinka. Tera 1 a gudun 100MB kusan awa uku rubutu, kusan awa uku karatu, ka ce awa shida. Tera 2 ninki, tera 4 kwana guda cur. Ka shiga saitin wuta ka hana laftof barci, ka yi shi lokacin da kake da tabbacin wuta ko sola, don in ya mutu a tsakiya sai ka sake. Kuma ga zafin garin nan, a Maris zuwa Mayu da rana ta haura digiri 40 kada ka bar shi a kan katifa ko cikin jaka, ka ɗora shi a tebur ko kan siminti fanka na bugunsa, dare ya fi. Ka bar CrystalDiskInfo a buɗe kana leƙa zafinsa, in ya doshi 55 ka ƙara masa iska.

In ta gama da Test finished without errors, girman na gaske ne. In ta ce The media is likely to be defective za ta nuna maka gig nawa ne OK nawa ne DATA LOST, ka ɗauki hoton allon nan da wayarka, shi za ka nuna a shago. Wani lokaci ba sai ka jira ƙarshe ba, in ka ga ta ce saura awa 60 ko 100 saboda rashin gudu, wannan ma amsa ce. Bayan an gama ka goge fayilolin, ka sake buɗe CrystalDiskInfo ka duba 05 da C5 ko sun motsa daga sifili, don tsohon faifai yakan tona kansa ne bayan an wahalar da shi. Masu Linux ko Mac su nemi F3, aikinsu ɗaya.

Manyan haddis da anka goge tarihinsu

Nan ne abin ya fi wuya. Awoyin nan da CrystalDiskInfo ke nunawa ana iya mayar da su sifili, kamar yadda ake juya mitar tafiyar mota kafin a kai ta kasuwa. A farkon 2025 kafar heise ta Jamus ta bankaɗo cewa ana sayar da haddis na Seagate samfurin Exos a matsayin sababbi a ƙasashe da dama, har a manyan shaguna, alhali sun yi dubban awoyi, wasu dubu goma sha wasu fiye da haka nesa. Ana zargin da yawa daga gonakin haƙar kuɗin kirifto na Chia sunka fito, wanda ya yi tashe a 2021 kuma da haddis ake haƙarsa. Seagate ta ce ba ita ta sayar da su ba, ta shawarci mutane su saya wajen dilolinta. In har abin ya shiga shagunan Turai, ka san namu da ke bi ta hannu biyar kafin ya iso Sakkwato bai fi ƙarfinsa ba.

Abin da ya tona su shi ne manyan haddis na Seagate suna da littafin tarihi na biyu mai suna FARM. Don karanta shi ka sauke smartmontools, fitowar 7.4 ko sama. Ka buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta smartctl --scan don ganin sunan haddis, sannan smartctl -l farm /dev/sdb, ka sa harafin naka a wurin b. In ta USB ka jona ka ƙara -d sat. Ka nemi Power on Hours a abin da ya fito ka gwada da na CrystalDiskInfo. In ɗaya ya ce awa 5 ɗaya ya ce 25,000, an yi masa wanka. Daga baya an ruwaito mazambatan sun fara taɓa shi ma FARM ɗin, don haka ka haɗa da ranar ƙera da ke kan sitika da abin da shafin waranti ya ce, ukun su tafi tare. Ƙananan estanal na aljihu ba lallai su na da FARM ba, wannan na masu sayen tera 8 zuwa sama ne, masu sutudiyo da masu kyamara da yawa. Ni a ganina in kuɗin ya kai haka gara ka ƙara kaɗan ka saya inda za a ba ka waranti a rubuce.

In ya faɗi gwaji

Kada ka ɓalle gidan don ka ga abin da ke ciki, da ka buɗe an samu hujjar ƙin karɓa. Ka koma da rasit da kwali da kebul da hoton sakamakon, ka yi magana a hankali ba a gaban kwastomomi ba, ka ce "Malam ga abin da ya nuna, ina jin kai ma an cuce ka a sari, ka duba sauran." In ya so ku sake gwada ValiDrive a gabansa, minti kaɗan ne. In ya ƙi ji akwai shugabannin 'yan kasuwa na layin, galibi nan ake sasantawa, in abin ya girma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Wanda ya yi oda ta intanet ya shigar da ƙorafi kafin kwanakin mayarwa su ƙare, ya tura hoton gwajin.

Wanda kuma ya riga ya zuba kayansa a haddis sai yanzu yake zargi, ya daina tura komi a ciki daga yau, kada ya yi fomatin, kada ya bari Windows ta yi masa gyara in ta tambaya. Ya kwashe duk abin da ke buɗewa zuwa wani wuri, ya fara da mafi muhimmanci, ya buɗe fayilolin ɗaya-ɗaya a sabon wurin ya tabbata suna yi. In ainihin hotunan ko bidiyon suna nan a memorin kyamara ko waya kada ya goge su. Abin da ya faɗa a ɓangaren da babu shi kuwa, kada ya ɓata kuɗi wajen masu rikoba, wato masu dawo da fayilolin da sunka ɓata, ba a taɓa ajiye shi ba balle a dawo da shi. Sai ya gama kwashewa sannan ya sa H2testw ya ga gig nawa ne na gaske a ciki.